Ƙugiyar da Ta Sa Muka Sauya Hannu

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu, mu da muke cin abinci da rubuta manhaja. Duk inda muka haɗu, ko a shagon da ke da janareta ko a zauren WhatsApp da tsakar dare, sai wani ya tayar da ita. Wannan ya ce kayan aikin da ya saba da su suna biya masa buƙata, me zai kai shi ƙona data da lokaci wajen koyon sabo? Wancan ya ce wanda ya tsaya wuri ɗaya a wannan sana'a ya fara ja da baya ke nan. Kowa da hujjarsa. Mu dai abin da ya taɓa raba mana gardamar ƙaramin abu ne, wato ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ.

Yawancinmu da yaren Python muka buɗe ido a harkar. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ya fitar da shi a 1991, kuma ya samu karɓuwa saboda sauƙin karantawa. A Disambar 2008 aka fitar da Python 3, wanda aka yi masa gyaran da ya sa manhajojin da aka rubuta da Python 2 ba sa tafiya a kansa sai an sake taɓa su. Duniya ta yi ta jan ƙafa. Kamfanoni suna da tulin tsohon aiki, kuma ɗakunan karatun manhaja da kowa ke dogaro da su ba su ƙaura da wuri ba. An sa 2015 a matsayin shekarar da za a daina kula da Python 2, sai aka ga mutane ba su shirya ba, aka ɗaga zuwa 2020. Wanda ya ƙi ƙaura a wancan lokaci ba rago ba ne. Lissafi ya yi: aiki yana tafiya, mai aiki yana biya, ga wuta sai an ga dama.

To amma ga abin da ke cikin gyaran. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta, ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, kuma don Turanci aka yi shi. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Tsarin Unicode ne ya ba haruffanmu mazauni. A salonsa da ake kira UTF-8, harafin k yana cin bayit ɗaya, wato ƙwaya ɗaya ta ma'aunin bayanai, shi kuwa ƙ biyu yake ci. Python 2 idan ka ba shi rubutu haka kawai, bayit yake gani, ba harafi ba. Ka tambaye shi tsawon kalmar ƙasa, sai ya ce maka biyar. Ka ce ya mayar da ita manyan baƙaƙe, sai ya ɗaga sauran ya bar ƙ yadda take. Ka ce ya yanke saƙo a wani tsayi, yana iya raba harafi ɗaya gida biyu. Akwai hanyar kauce wa wannan, amma sai ka tuna da ita a kowane layi, kuma wuri ɗaya da aka manta ya isa ya tsayar da manhaja gaba ɗaya. Python 3 ya mayar da Unicode asalin rubutu. A wajensa ƙasa haruffa huɗu ce, kuma babbarta ƘASA.

Mai karatu, ko ba ka taɓa rubuta manhaja ba, ka san wannan ciwo. Ka taɓa buɗe shafi ka ga Æ™asa a inda ake nufin ƙasa. Haka ake samu idan wata manhaja ta karanta bayit ɗin nan biyu da tsarin da ba nasu ba. Da yawa suka gaji suka jefar da ƙugiyar gaba ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. A hira tsakanin abokai ana ganewa. A rajistar makaranta ko ta asibiti kuwa, idan an shigar da Ɗanladi yau, gobe aka nemo Danladi, kwamfuta cewa za ta yi babu shi, shi kuma yana tsaye a layi tun safe. Nan muka ga cewa tsayawa kan tsohon kayan aiki yana da farashi, kuma sau da yawa wanda ke biya shi ne mutumin da bai ma san sunan yaren da muka yi aiki da shi ba.

Ranar 1 ga Janairun 2020 aka rufe babin Python 2. Daga ranar, duk kafar da ɓarayin intanet suka gano a cikinsa, masu yaren ba za su toshe ta ba. Instagram, da duk girmansa, ya riga ya ƙaura tun 2017. Waɗanda suka bi a hankali, suna gyara kaɗan kaɗan, sun sha sauƙi. Waɗanda suka bari sai ranar ta ƙarato sun yi aikin shekara cikin makonni.

Wannan ba ya nufin duk sabon abu abin bi ne. Google ya fitar da AngularJS a 2010, jama'a suka yi rububinsa wajen gina shafukan intanet. A 2016 aka fito da magajinsa da aka sake ginawa tun daga tushe, wanda bai jitu da na farkon ba, sannan aka daina kula da na farkon a ƙarshen 2021. Mutane sun zuba shekaru a abin da mai shi da kansa ya juya masa baya. A ɗaya gefen kuma ga COBOL, yaren da aka ƙirƙira tun 1959. A Afrilun 2020, lokacin da korona ta raba mutane da ayyukansu a Amurka, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, domin tsarin biyan tallafin marasa aiki na jihar ya kasa ɗaukar yawan masu nema. Tsohon hannu ya yi rana. Amma a lura da dalilin neman: an bar tsari shekara da shekaru ba a sabunta ba, har masu iya gyara shi suka yi ƙaranci.

Shi ya sa yanzu idan sabon kayan aiki ya fito, ba ma tambayar ko shi ake yayi. Mukan duba ko wanda muke riƙe da shi yana da masu kula da shi har yanzu. Mukan duba ko sabon yana warware wata matsala ta mutanen da muke yi wa aiki, kamar yadda Python 3 ya warware ta ƙugiya. Sannan mu auna nauyinsa da tsohuwar kwamfutar da ke gabanmu da kuɗin datar da za a sauko da shi. Idan ya haye, sai mu gwada shi a ƙaramin aiki kafin mu ɗora masa amanar mutane.

Yau gardamar ta koma kan ƙirƙirarriyar basira. GitHub Copilot ya bayyana a 2021, ChatGPT a Nuwambar 2022, kuma dukansu suna rubuta manhaja cikin daƙiƙoƙi. Muna amfani da su, suna rage mana aiki. Sai dai duk abin da suka rubuta, mukan jefa masa kalma mai ƙugiya mu ga yadda zai yi da ita, mu nemi Ɗanladi da Danladi mu ga ko ya san mutum ɗaya ake nufi. Ƙaninmu da ya fara koyo bana zai iya samun manhaja mai tafiya kafin la'asar. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne mu zaunar da shi mu nuna masa dalilin da ya sa ƙ ke cin bayit biyu, domin ranar da na'urar ta ba shi amsar da ba daidai ba, ya gane.