Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Wanda Ya Taɓa Zare Takobi Ne Ya Ce A Yi Haƙuri

Ngojin, Potiskum, Jihar Yobe

Ɗana,

Saƙonka ya iso, inda ka ce an faɗa muku a aji cewa wasu masana suna shakkar ko Bitrus ne ya rubuta wasiƙarsa ta fari, abin kuma ya tsaya maka a rai. Zan amsa maka a fili, domin samarin ikilisiyoyinmu da yawa suna da irin wannan tambaya, kunya ce kawai take hana su yi.

Ka fara da mutanen da aka aika wa. Wasiƙar ta ambaci yankuna biyar: Fantas, Galatiya, Kafadokiya, Asiya da Bitiniya, dukkansu a ƙasar Turkiyya ta yau. Masu bi a can 'yan tsiraru ne, cikinsu har da bayi da matan da mazajensu ba su ba da gaskiya ba. Sun daina zuwa bukukuwan gumaka, sai maƙwabta suka fara yi musu kallon bare, ana zaginsu, ana yi musu ƙazafi. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya da Fantas, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara kan Kirista. Ya ce yakan sa a kawo gunkin sarki, a ba wanda ake tuhuma turare da ruwan inabi ya miƙa, ya kuma zagi Almasihu. Wanda ya yi, a sake shi. Wanda ya dage, a hukunta shi. Ka ga inda tsangwamar ta kai daga baya.

To, wa ya rubuta? Masu shakka suna da hujja, kada ka raina ta. Sun ce Helenancin wasiƙar ya goge ƙwarai, da wuya ya fito daga bakin masunci ɗan Betsaida wanda ya tashi da Aramanci. Saboda haka suna ganin wani almajirinsa ne ya rubuta da sunansa bayan shekara ta 70. Amma ka buɗe sura ta biyar. Marubucin da kansa ya ce ta hannun Silwanus ya aiko da ita, wato Sila abokin tafiyar Bulus. Wasu sun ce kai wasiƙar kawai Sila ya yi, wasu sun ce har alƙalami shi ya riƙe. Mu da muka ga zamanin masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba mu jin wannan baƙon abu ne. Tsoho zai zauna ya yi bayani da Ngizimanci ko Karekare, mai alƙalami ya zuba da Hausa mai tsabta, ɗan da ke Legas kuma ya karanta ya ce muryar babansa ce. Ka ƙara da cewa Folikaf, shugaban ikilisiyar Simirna, ya yi amfani da kalmomin wasiƙar tun farkon ƙarni na 2, ikilisiyar farko kuma ba ta yi gardama a kanta ba kamar yadda ta yi a kan wasiƙarsa ta biyu. Ni dai na tsaya a kan cewa ta Bitrus ce, ya aiko ta daga Roma, birnin da ya kira Babila, Markus yana tare da shi, a zamanin Nero. Wannan sarki ne ya ɗora wa Kirista laifin gobarar Roma ta shekara ta 64, a mulkinsa kuma aka kashe Bitrus, bisa ga abin da magabatan ikilisiya suka bar mana.

Abin da ya sa na damu da sanin marubucin shi ne nauyin abin da ya nema. Surori biyar ne kacal, ayoyi 105, amma duk inda ka juya maganar ɗaya ce: kada a rama, a girmama kowa har da mai mulki, a yi zaman da zai kunyata mai ƙazafi, in an tambaye ka dalilin begenka ka amsa da ladabi. Ya kuma raba wahala gida biyu: wadda mutum ya jawo wa kansa da sata ko shisshigi, da wadda ta same shi don sunan Almasihu. Ta farko ba ta da lada. Wa yake faɗin haka? Mutumin da ya zare takobi a lambu ya sare kunnen Malkus, ya kuma yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumi a bakin wuta. Ya san zafin zuciya, ya san tsoro. Haƙurin da yake koyarwa da hawaye ya saye shi.

Kana ƙarami lokacin da aka kai hari kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, da lokacin da bam ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya a Nuwamba na 2014. Iyalai da yawa sun kwashe kaya sun bar gari. Mu da muka zauna, wannan wasiƙa muka riƙa karantawa a taron addu'a da Hausa, harshen da aka buga mana cikakken Littafi Mai Tsarki da shi tun 1932. Ita ta hana mu mance cewa maƙwabtanmu Musulmi ma gawa suke ɗauka, har ma tasu ta fi yawa. Mun je musu ta'aziyya, sun zo mana. Har gobe naman layya yana shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimeti tana fita.

Don haka, ɗana, ka yi karatunka da kyau. Ka saurari hujjar kowane ɓangare, ka iya maimaita ta ba tare da ka rage mata ƙarfi ba, gaskiya ba ta tsoron bincike. Amma ka sani, ranar da za a ba ka ikilisiya, tambayar da za ka fi sha ita ce ta gwauruwar da aka kashe wa miji, da ta saurayin da yake so ya rama. Bitrus ya gargaɗi dattawa su yi kiwon garke da yardar rai, ba don kuɗi ko nuna iko ba. Ka riƙe wannan tun yanzu. Ka zauna ka karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, da murya, yadda aka karanta wa mutanen Kafadokiya, sannan ka rubuto mini abin da ka ji.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Ni ne,
Mahaifinka