Ƙulli Ukun Inna

Inna ce ta tashe ni wannan tafiya. Ciwon gwiwa ya hana ta shiga mota, sai ta ɗaure ƙulli uku ta jera a bakin ƙofar ɗakina a Kaduna: na Kawu a Ƙanƙara, na Yaya a Faskari, na Goggo a ƙasar Sabuwa. Na ce mata ai akwai direbobin tasha masu kai saƙo. Ta ce direba kaya yake kaiwa, ba ya kai gaisuwa. Kafin in sake buɗe baki ta juya ta ɗauki carbinta.

Na bar gida ranar Laraba, 20 ga Maris 2024, rana tana dukan ƙasa irin na bazara. A shekarar azumi biyu suka haɗu. Musulmi suna kwana na goma a Ramadan, mu Katolika muna mako na biyar cikin azumin kwana arba'in na kafin Ista. Na ce "mu" ne don sabon baki. Rabona da coci tun watan Mayun 2021.

A Malumfashi na kwana, kuma can ne abin ya samo asali. A cocin Waliyyi Vincent Ferrer aka yi mini baftisma, a harabarsa na koyi karatun katikisim. A daren 20 ga Mayu 2021 'yan bindiga suka shiga gidan limaman wannan coci. Da gari ya waye aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello a gona, bayan makarantar horar da katikis. Saurayi ne da bai daɗe da haura talatin ba, aro aka yi shi daga Kaduna. Suka tafi da Fada Joseph Keke, dattijon da ya wuce saba'in, sai bayan kusan mako biyu aka sako shi. Shekara na zagayowa, a Mayun 2022, aka shiga Gidan Maikambo a ƙasar Kafur aka kwashi Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara, suka yi fiye da wata a daji. Ban taɓa cewa babu Allah ba, bakin Bahaushe ba ya iya furta wannan. Fushi na yi, na ɗauke ƙafa. Da yammacin Larabar na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar cocin, na sayi rake, na koma masauki.

Daga Malumfashi zuwa Ƙanƙara ba nisa, amma direba ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga, sai kuma da ya ga mota biyu sun fito daga can. Haka ake karanta hanya yanzu: in motoci sun daina zuwa daga gaba, ka taka birki. Muka wuce shingaye na sojoji, na 'yan sanda, da na sababbin jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. A da in an ce Ƙanƙara, farar ƙasa ake tunawa, wadda ake haƙowa ana lodi a manyan motoci. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kora ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya cikin daji, aka dawo da 344 bayan kwana shida, sunan garin ya ɗauki wani nauyi.

Kawu katikis ne, ya yi karatunsa a makarantar nan ta Malumfashi tun ban san kaina ba. Ya bar ƙauyenmu da rumbuna biyu cike, yanzu ɗaki ɗaya yake haya a bayan kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa ƙullin. Ya kwance: daddawa, maganin hawan jini, da sabon tabarau. Ya sa tabaran, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yanzu ya ga ramar da na yi.

A bangon ɗakin akwai kalanda mai hoton wani mutum da doguwar hular bishop. Na san fuskar. Watanni uku kafin nan hotonta ya cika Facebook, 'yan'uwa suna ta murna an naɗa Bahaushe na farko bishop a cocin Katolika. Ni ban sa baki ba. A raina na ce hula ba ta tare harsashi. Wannan maganar na maimaita wa Kawu, da ladabi dai, amma na faɗa.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, ka san inda yake kafin a kira shi?"

Na sani sama-sama, shi ya cike mini. Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi ne, an haife shi a 1971, mahaifinsa malamin makaranta kuma katikis. An naɗa shi fada a 1996. Ya yi karatun sadarwa a Roma, ya yi digirin digirgir a Brisbane ta ƙasar Ostireliya, ya dawo yana koyarwa a babbar cibiyar ilimin Katolika ta Afirka ta Yamma da ke Fatakwal. Ranar 16 ga Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanke Katsina daga dayosis ɗin Sakkwato ya mai da ita mai cin gashin kanta, ya ambaci sunansa. Ranar 12 ga Disamba aka naɗa shi, kujerarsa tana cocin Waliyyi Martin de Porres a birnin Katsina.

"Ba a ɗaure mutum a kai shi wannan kujera," in ji Kawu. "Tambayarsa ake yi, ya ce i ko a'a. Yana zaune cikin littattafansa, ga fanka, ga albashi. Aka ce masa ga ƙasar da ake kashe fada a gona, ya ce to. Ku kuna fita, shi yana shigowa."

Bai ce "kai" ba, "ku" ya ce, amma ɗakin mu biyu ne.

Akwai abin da sai ɗan wannan yanki zai gane a murnar Kawu. Tun da limaman Dominikan suka zo daga Amurka a shekarun 1950 suka bi ƙauyukan Maguzawa da makaranta da magani, shugaba kullum daga nesa yake. Dayosis ɗin Sakkwato ta shafi jihohi huɗu. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya riƙe ta tun 2011, mutum ne da ba ya tauna magana, kuma muna alfahari da shi, amma daga Sakkwato zuwa Malumfashi tafiyar yini ce ta cikin Zamfara. Sannan ga wata tsohuwar ƙaya. Bahaushe Kirista bai cika samun wurin zama ba. A tasha in na faɗi sunana na baftisma, sai a ce to kai ba Bahaushe ba ne. A wani coci a Kudu na taɓa shiga da babbar riga da hula, mai gadi ya bi ni da ido har na zauna. Yanzu ga mutum mai suna Mamman Musa riƙe da sandar kiwo, ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka irin namu. Kawu ya ce in ya je gabansa da kukan harajin noma ko kuɗin fansa, ba sai an nemo tafinta ba.

Da dare na ji shi yana jan carbi a hankali, yana ambaton sunaye. Har da nawa. Na yi kamar barci nake.

Akwai hanyar da ta miƙe daga Ƙanƙara zuwa Sheme, gajera ce, amma direbobin da na tambaya sun girgiza kai. Sai muka yi zagaye ta Bakori da Funtuwa, muka hau titin Gusau, muka wuce Mairuwa, can gaba muka ratse zuwa Faskari. Kuɗin mota ya ninka.

Yaya ta musulunta ne da aurenta, shekara ashirin ke nan. Gidanmu haka yake, kamar gidaje da yawa a kudancin Katsina: ana Sallah a aiko mana da nama, ana Kirsimeti mu aika da shinkafa. Mijinta manomi ne, ya zaunar da ni a zaure yana lissafa mini abin da suka gani. Kadisau a Yunin 2020, inda aka kashe mutane da dama a yini ɗaya. Satumbar 2021, da gwamnati ta datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mutum sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sanar da mutuwa. Na ambaci masu ibadar da aka kwasa daga wani coci a ƙauyen Ƙanƙara a Janairun 2023. Ya ce haka ne, kuma wata guda kafin nan daga masallaci aka kwashi mutane a Maigamji ta ƙasar Funtuwa, suna sallar isha'i. "Mutanen daji ba sa tambayar alƙibla," ya ce. A nan ba a cika cewa 'yan bindiga da ƙarfi ba, mutanen daji ake cewa, murya ƙasa-ƙasa.

Da aka kira magariba aka kawo kunun tsamiya da ƙosai, sannan tuwo da miyar nama. Ni sai Yaya ta ajiye mini kwano daban, wake da busasshen kifi.

"Yau Juma'a," ta ce. "Na san ba kwa cin nama."

Shekara ashirin da barin coci, tana azuminta, ta tuna da nawa. Ni da rana a Funtuwa na ci tsire a ɓoye bayan wata rumfa, ban ma tuna wace rana ba ce. Na sunkuyar da kai na ci waken.

Asabar na koma Funtuwa, na shiga motar Ɗandume, garin da kasuwar hatsinsa ta yi suna wajen masara, daga nan sai Sabuwa. Nan ne ƙarshen Katsina ta kudu, bayanta dajin Birnin Gwari. A farkon Fabrairun shekarar aka tare mata 'yan kai amarya a wajen Damari aka shiga da su daji, don haka motar shiru take, ko rediyo direba bai kunna ba. Daga garin ɗan acaɓa ya kai ni unguwar su Goggo. Ƙullinta atamfa ce da gishiri da hoton jikokin Inna. Ta rungume hoton, ta ajiye atamfar ko dubawa ba ta yi ba.

Washegari Lahadin Dabino. Cocinsu ɗaki ne na jar ƙasa da rufin kwano, benci shida. Fada yana zuwa ne in hanya ta yi kyau, ranar bai zo ba, saboda haka ba Mas, ba Jibi, sai karatu da addu'a. Dabino ma babu, yara suka yanko ganyen kaba. Na ƙirga mu, ba mu kai arba'in ba, yawanci matan Zumunta da ɗaurin kallabinsu iri ɗaya. Samari biyu suna waje a kan tudu suna duban hanya. A gaba, gefen gicciye, an manna hoton nan na kalandar Kawu, ƙura ta fara cin gefensa.

Karatun ranar dogo ne, labarin shan wuyar Almasihu, kuma ana raba shi tsakanin masu karatu. Mai jagorar addu'a ya duba ya ga baƙo daga birni, ya miƙo mini littafin. Na buɗe baki zan ba da uzuri, Goggo ta ce, "Tashi mana, ɗan nan, ba kai ne mai boko ba?"

A shekarar daga Bisharar Markus ake karantawa. Akwai wani ɗan guntun wuri da Markus kaɗai ya kawo, na sha wuce shi ban lura ba. Bayan an kama Yesu a lambu, almajirai sun watse, wani saurayi yana biye daga baya da mayafi a jikinsa. Aka cafke shi, ya saki mayafin a hannunsu ya ruga tsirara. Ba a faɗi sunansa ba, ba a sake ambatonsa ba. Da na iso nan muryata ta sarƙe. Na tsaya. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya ɗago kai. Mutanen da ke biyan kuɗi kafin su girbe gonarsu, waɗanda kowannensu yana da wanda aka binne ko aka fansa, suka jira ni har na haɗiye abin da ya tokare ni na ci gaba zuwa musun Bitrus.

Ban taɓa haɗuwa da Bishop Musa ba har yau, ban taɓa jin wa'azinsa da kunnena ba. Ban kuma ce zuwansa ya kore mutanen daji ba, ga samarin nan biyu a kan tudu. Abin da na sani shi ne an tambaye shi ya amsa, kuma wannan amsar ce ta hana ni barci a ɗakin Kawu, ita ce ta biyo ni har Sabuwa. Da aka zo addu'o'in jama'a, wata tsohuwa ta roƙa masa lafiya da sunansa na gida, Mamman, kamar tana maganar ɗan maƙwabta. Aka ce amin. Na ji tawa muryar a ciki.

Litinin da safe Goggo ta soka mini ganyen kaba a zip ɗin jaka, ta ba ni ƙullin kuɓewa busasshiya in kai wa Inna. A Funtuwa motar Kaduna saura mutum ɗaya ta cika, kwandasta yana ta kirana. Na ce ya sa wani. Na hau acaɓa zuwa cocin Katolika na garin, na tambayi wani dattijo mai shara ko Fada zai zauna jin furta zunubi a wannan mako mai tsarki. Ya ce sai ƙarfe huɗu. Agogona ya nuna sha ɗaya da rabi, kuma in an gama yamma ta yi, ba mai hankalin da zai kama hanya.

Na kira Inna na ce sai gobe zan iso.

"Mota ce ta lalace?"

"A'a, Inna."

Ta yi shiru kaɗan, ta ce in gaida mutanen Funtuwa. Na nemi inuwar darbejiya na zauna, na fara lissafin shekara uku ba wata biyu.