Ƙasar bakin gulbi a kudancin Cadakori

Manoman Cadakori, cikin jihar Maraɗi, sun san ƙasa iri uku: jigawa mai rairayi, geza mai tauri, da fadama mai laka. Amma wanda ya gangara wajen Gulbin Maraɗi, tsakanin Tsibiri da Gidan Rumji, zai iske wata da ta fi su. Gulbi ne ya shimfiɗa ta tun zamanin da, ya janye ya bar ta bisa tudu. Zurfi gare ta, kuma ruwan damana shigewa yake, ba ya kwanciya. Nan gawo da tsamiya da kanya suke sakin saiwa, ganyensu na baƙanta samanta. Inda gatari ya share su kuwa, iskar bazara na kwashe wannan baƙin.