Daren da muka sake kallon Jack Bauer a fadarmu ta Plateau

Yau ba labarin gari muka zo da shi ba, hira ce ta fada, amma ta bar mana tunanin da ya bi mu har gidan rediyo.

Asabar ɗin da ta wuce, bayan isha'i, muna zaune a fadarmu ta Plateau, shayi na farko bai ma sauka daga wuta ba, sai wani ƙanenmu ya iso da kwamfuta a hammata. Ya ce ya samo mana tsohon kaya: "24 heures chrono", zango na biyu, cikakke. Muka yi ta gardama a kan wane kashi za a saka, daga ƙarshe aka daidaita a kan na 15, wato awar ƙarfe 10 zuwa 11 na dare, wanda duk mai son fim ɗin ya san shi da kashin jirgi. Mu tara ne a wajen, har da Baba maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, wanda ya jawo kujerarsa ya ce bari ya ga abin da ke hana yara barci.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba: fim ne na Amurka mai dogon zango, ya fara fitowa a tashar Fox a watan Nuwamba na 2001. Kowane zango kashi 24 ne, kowane kashi awa guda na yini ɗaya, agogo yana bugawa a kan allo. Jarumin, Jack Bauer, jami'in yaƙi da ta'addanci ne a Los Angeles, Kiefer Sutherland ya fito a matsayinsa. Mu dai ya iso mana ne a faifan CD na kasuwa, da Faransanci, muna lise. Dala biyar ko dala goma muke biya a bidiyo-kulob na unguwa, a kan benci, cikin zafi, ga mai gidan yana korar yaran da ke leƙe ta ramin kwano. Wanda aka samu faifai a gidansu, shi ne sarki a wannan sati. Mun sha faɗa a kan darasin da ba mu karanta ba saboda shi. Har sunan muka mayar na gida, muna cewa Jak Bawa, kuma duk yaron da ya iya haura katangar lekol ya dawo ba a kama shi ba, sunan ya bi shi.

A kashin na 15, an riga an gano bam ɗin nukiliya da aka shigar Los Angeles, amma ba a iya kwance shi. Dabara ɗaya ta rage: a saka shi a ƙaramin jirgi, wani ya tuƙa shi zuwa hamadar Mojave ya faɗi da shi can. Jack ya ɗauki aikin. Yana sama ya yi waya da ɗiyarsa Kim suna ban kwana. Can sai ga George Mason, shugabansa a wurin aiki, wanda gubar nukiliya ta riga ta kama shi kuma ya san kwanansa ya ƙare, ya fito daga inda ya ɓuya a bayan jirgin, ya karɓi tuƙin, Jack ya diro da lema.

Muna ƴan shekara 16 ko 17, wurin nan tafi muke yi da ihu. A wannan daren ba wanda ya tafa. Abokinmu malamin lissafi, mai ƴaƴa mata biyu yanzu, ya juya fuska yana gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Da aka tsokane shi ya ce: "Ku bari kawai. Da can ni ne Jack, yanzu kuma wayar nan kaɗai nake ji." Ƙanenmu, wanda shi ne karonsa na farko, abin da ya dame shi daban ne: dariya yake yi wa manyan salulolin da suke buɗewa kamar kwalin ashana, yana tambaya wai cajin Jack ba ya ƙarewa ne.

Wanda ya fara sauya akalar hirar shi ne abokinmu haifaffen Arlit. Da hasken bam ya cika allo, ya ajiye kofinsa ya ce: "Kun ji abin da suka ce ko? Wai a kai shi hamada, ba kowa a can. Kullum haka ne, hamada ba kowa." Ya tuna mana cewa ranar 13 ga Fabrairu na 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, kuma akwai mutane a yankin, da rijiyoyi da dabbobi. Ya ce shi ya tashi yana ganin tsibin dusar ma'adinai a bayan gari, Somaïr tana haƙar uranium tun 1971, Cominak kuma sai a watan Maris na 2021 aka rufe ta. Sau uku ya kalli wannan kashi yana yaro, bai taɓa tambayar ina iska ta kai ƙurar ba. Mu ma ba mu taɓa tambaya ba, ga shi kuwa duk shekara hazo yana shigo mana har cikin ɗaki daga arewa.

Daga nan gardama ta koma kan azabtarwa, don duk wanda ya san zangon ya tuna yadda aka saka ƙafafun wani babban jami'i cikin ruwa ana jona masa lantarki da umarnin shugaba Palmer, da yadda Jack ya sa ɗan ta'adda Syed Ali ya ɗauka an harbe ɗansa a gabansa. Wani daga cikinmu, wanda ya rasa ɗan'uwa a bakin daga, ya ce shi har gobe yana bayan Jack: idan mutum ɗaya ya san inda bam yake, a yi masa duk abin da za a yi. Ba mu yi masa musu da ƙarfi ba, mun san daga inda maganar ta fito. Amma malamin lissafi ya ce a fim marubuci ya riga ya tabbatar mana cewa wanda aka kama shi ne mai laifin, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne; a zahiri wa zai ba ka wannan tabbacin? Wanda ake duka zai faɗi sunan maƙwabcinsa ma don a sassauta masa. Muka ƙara musu da abin da muka sani: a ƙarshen 2006 shugaban sashen karatu na makarantar hafsoshin sojan Amurka ta West Point, Janar Patrick Finnegan, ya je da kansa wurin masu shirya fim ɗin ya roƙe su su rage irin waɗannan wurare, domin ɗalibansa sun fara ɗaukar abin a matsayin darasi. Ba a daidaita ba. An dai sake ɗora shayi.

Da yake ba a kallon kashi ɗaya a tashi, muka zarce na gaba. Nan ne maganar kaset ta taso. An samu wani faifan murya, wai an naɗe shi a Cyprus, ana jin manyan jami'an wasu ƙasashe uku na Gabas ta Tsakiya suna ƙulla harin tare da Syed Ali. Ƙwararru suka ce sahihi ne, sojoji suka fara shirin yaƙi. Syed Ali ya ce ƙarya ce, Jack da wata abokiyar aikinsa Michelle suka fara shakka. Mu da muka san ƙarshen labari mun san haɗa muryoyin aka yi, wasu ƴan kasuwar mai ne ke son yaƙi don ribarsu, kuma har tsige Palmer ministocinsa suka yi saboda ya ce a dakata a bincika.

Baba, da muka ɗauka gyangyaɗi yake yi, ya ce a tsayar. Ya tambayi shekarar da aka yi wannan zango. Muka ce daga Oktoba na 2002 zuwa Mayu na 2003 aka nuna shi a Amurka. Ya yi dariya ya ce: "To ku yara, wanga labari ai namu ne. Ku kuna kallon na Cyprus, na gaskiyar nan Yamai aka laƙa ma shi."

Wasunmu sun san zancen sama-sama, ƙanenmu bai taɓa jin shi ba. A wancan lokaci wasu takardu sun ɓulla ta Italiya, masu ɗauke da tambarin Jamhuriyar Nijar, suna nuna wai ƙasarmu ta amince ta sayar wa Iraƙi ta Saddam Hussein tan 500 na garin uranium. A watan Fabrairu na 2002 hukumar leƙen asiri ta CIA ta turo tsohon jakada Joseph Wilson, wanda ya taɓa aiki a Yamai a shekarun 1970, ya zo ya bincika. Kwana takwas ya yi yana shan shayi da manyan ƙasa da masu harkar ma'adinai, ya koma ya ce da wuya ƙwarai a ce an yi wannan ciniki. Dalilin a fili yake: a wancan lokaci abin da ake haƙowa a shekara bai wuce kusan tan 3,000 ba, kamfanonin a lokacin suna ƙarƙashin kulawar Faransawa da abokan hulɗarsu, kuma tan 500 ba kaya ba ne da za a ɓoye a bayan kabu-kabu. Duk da haka, a Disamba na 2002 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ambaci sunan Nijar ƙarara, sannan ranar 28 ga Janairu na 2003 shugaba George Bush ya faɗa wa majalisa cewa gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi uranium mai yawa daga Afirka.

Ranar 7 ga Maris na 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Baba ya fi jin daɗin wannan gaɓar. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan watan Oktoba na 2000, amma da sunan Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. "Ko planto na ma'aikatarmu," in ji Baba, "da an nuna mishi, da ya ce musu wanga ba daidai ba ne. Amma wa ya tambaye mu?" Kwana 13 bayan jawabin ElBaradei aka shiga Iraƙi da yaƙi. A watan Yuli Wilson ya fito a jarida ya faɗi abin da ya gani, mako guda bayan haka aka tona cewa matarsa Valerie Plame jami'ar CIA ce.

A fim an gano ƙaryar kafin jirage su saki bam, aka juyo da su. A zahiri ma an gano ta a kan lokaci, amma ba a fasa ba. Wannan ne ya sa fadar ta yi shiru fiye da mutuwar George Mason.

Mu kuma da muke aikin rediyo, wani abu ne ya taso mana wanda ba mu so tunawa. Shekarun baya, muna tsakiyar shirin safe, aka turo mana wata murya ta WhatsApp: mutum yana haki, yana cewa an kai hari wani ƙauye, ana jin harbi a bayansa. Mutane uku daban-daban suka turo ta cikin minti kaɗan, muka ɗauka wannan ya isa shaida, muka faɗi zancen a iska da sunan ƙauyen. Kafin azahar ta bayyana tsohuwar murya ce, kuma ba ma daga ƙasar nan ba. Wani ne ya liƙa mata sunan ƙauyen. Mun ba da haƙuri washegari. Amma wata uwa da ɗanta ke koyarwa a can ta riga ta yini tana kiran layin da ba ya shiga, kuma da ta same mu a waya ba ta zage mu ba, cewa kawai ta yi: "Ɗana, mun yarda da ku ne." Mutum ukun nan ashe duk daga guruf ɗaya suka samo ta.

Ga wani abin kuma da sai a wannan daren muka lura da shi. Muryar Jack Bauer da muka haddace, wadda muke kwaikwayo a filin lekol, ba ta Kiefer Sutherland ba ce. Ta wani Bafaranshe ce, Patrick Béthune, wanda ya rasu a 2017. Shekara da shekaru muna rantsuwa mun san muryar mutum, alhali ba mu taɓa jin ta ba. Wancan aikin fassara ne na halal, ba yaudara a ciki. Amma yau da ake da manhajojin da ke iya kwaikwayon muryar kowa daga ɗan guntun magana, abin da ya buƙaci ƙwararren ɗan damfara a fim ɗin 2003, yaro mai salula zai iya gwada shi a ɗakinsa.

Shi ya sa muke roƙon ku, ƴan'uwa, musamman a wannan yanayi da kowace safiya ake tashi da sabuwar murya ko sabuwar takarda mai tambari: kafin ku tura, ku tambayi wanda ya turo muku ina ya samo ta. Ku duba kwanan wata, ku duba sunan da ke ƙasa, ko mutumin yana kan kujerar a lokacin. Idan an ambaci gari, ku kira wanda kuka sani a garin. Idan kun ji mu a rediyo mun yi jinkirin faɗin wani labari da ya cika wayoyi, ba ɓoyewa muke yi ba, kira muke ta yi.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya ƙara minti goma ya mutu ana tsakiyar rikici. Ƙanenmu ya kusa kuka. Baba ya naɗe tabarmar sallarsa, ya ce Asabar mai zuwa a ajiye masa kujera, yana son ganin ko za a mayar da Palmer. Mun yi alkawarin ba za mu gaya masa ba, ku ma idan kun haɗu da shi a masallaci ku rufa mana asiri.

Ku fa, a ina kuka fara kallon Jak Bawa, kuma wane kashi ne ya fi tsaya muku a rai? Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya tsare mu da yaɗa abin da ba mu tabbatar ba. Amin.