Tsatsar Ƙofar Mota Daga Ciki Take Farawa

Duk lokacin da wani abokina ya nemi in raka shi sayen mota, ba na fara duba sheƙin fenti. Ƙofa nake buɗewa in durƙusa in shafa bakinta na ƙasa da yatsa. Idan na ji wurin ya kumbura, ko fenti ya yi ƙuraje, na san motar tana ɗauke da ciwon da wanki ba ya nunawa.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera ƙofar. Falle biyu ne na ƙarfe, na waje da na ciki. Ana lanƙwasa bakin na waje ya rungumi na ciki, kamar kalmasar da tela ke yi wa bakin riga, sannan a liƙe da gam. Ƙarfen na waje kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Kuma ƙofar ba a yi ta don ta hana ruwa shiga ba. Ruwan sama da na wanki suna bin gilashi su wuce robar taga su sauka ciki, shi ya sa aka bar ƙananan ramuka a ƙasa don su tsiyaye.

A nan ne yanayinmu yake shigowa. Ƙurar hunturu tana taruwa a cikin ƙofa wata da watanni, ruwan farko na damina ya mayar da ita laka, lakar ta toshe ramukan. Daga nan danshi ya kwanta a cikin kalmasar, inda iska ba ta kaiwa balle ya bushe. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka tana tura kalmasar ta buɗe, ruwa ya ƙara samun hanya. Motocin da aka shigo da su daga Kanada, arewacin Amurka ko Jamus suna da ƙarin matsala, domin a can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuma yana hanzarta tsatsa. Wata motar da cutarta take isowa Kwatano.

Saboda haka nake ganin shafa bodi fila a fesa fenti a kai asarar kuɗi ce. An rufe fuskar ciwo, tushensa yana ciki yana ci gaba, bayan damina ɗaya ko biyu ƙurajen su dawo. Gyara na gaskiya yana farawa da cire marfin ƙofa na ciki, a wanke lakar, a bari wurin ya bushe sarai. Sai a kankare tsatsar da buroshin waya har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa maganin kashe tsatsa a inda buroshi bai kai ba, a sa fentin fari mai kama ƙarfe, a sake liƙe kalmasar, kafin a zo kan fentin launi. A ƙarshe a fesa kakin kariya ta ciki, wanda ke kwarara cikin lungu, tare da tabbatar da cewa ramukan a buɗe suke. Idan ƙarfe ya riga ya huje, babu abin yi sai a yanke a yi walda, ko a sauya ƙofar. Baƙin mai da wasu ke zubawa yana lalata roba, yana kuma tara ƙura.

Rigakafin bai fi aikin minti 10 ba. Kafin damina ta kankama, ka zura siririn tsinke ko roba a kowane rami, ba ƙusa ba, don kada ka kankare fenti. Ka zuba ruwa a gilashi ka ga ko ya fito ta ƙasa. Idan bai fito ba, ko kana jin motsin ruwa in ka rufe ƙofa, kada ka jira ƙurajen su bayyana kafin ka je gareji.