Lallen bazara a tsakar gidan Iya

Jiya da la'asar jikata ta shigo ɗakina tana fifita da bangon littafi, ta zauna bakin gado ta zazzage jakarta. Na ƙirga 'yan kwalabe da robobi har bakwai. Wannan na wanke fuska ne, wannan na kare fata daga rana, wannan kuma wai shi ke riƙe hoda kada gumi ya kwashe ta. Na ce, "Kishiya, duk wannan yaƙin da rana kike yi?" Ta ce, "Hajiya, ai ku a zamaninku ba a yin irin wannan zafin." Dariya kawai na yi. An yi, 'yar nan. An yi zafin da in aka aike ki da azahar ba takalmi, sai kin riƙa tsalle daga inuwar wannan katanga zuwa waccan.

A Yakasai na tashi, cikin birnin Kano, a gidan ƙasa mai soro biyu da rijiya a tsakar gida. Yanzu rediyo ke gaya mana cewa zafin Afrilu ya kai digiri 40 ko ya haura. Mu a lokacin ma'auninmu man kaɗanyar Iya ne. Da hunturu yana daskare a cikin gwangwaninsa, sai kin kankaro da farce kin murza a tafin hannu kafin ya saki. Ranar da Iya ta buɗe gwangwanin ta tarar ya narke yana rawa kamar man miya, sai ta rufe, ta tura shi can ƙarƙashin gado, ta ce bazara ta yi sallama. Daga ranar dokar gida ta canza. Cewa take da hunturu fata abinci take nema, da bazara kuwa numfashi. Duk yarinyar da ta kama ta laɓta mai da rana tsaka sai ta ce, "Soya kanki za ki yi? Bari in kawo miki albasa."

Wanka sau uku ne, kuma ba a roƙon kowa. Ruwan rijiya da asuba ɗumi gare shi, da rana kuwa sanyi, abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Wanda aka bari a bokitin ƙarfe a rana, wannan sai dai a fige kaza da shi. Sabulun salo muke yi da shi, baƙi, mai laushi, wanda ake haɗawa da ruwan toka da mai, ana sayo shi a dunƙule. Yana fitar da dauɗa fes, amma in ya sami ƙurji ko ya shiga ido, unguwa za ta san ana yi miki wanka. Ƙurajen zafi kuwa ba wanda suke ƙyalewa. Su feso a wuya, a gadon baya, a goshi, ki yi ta susa kamar mai neman wani abu da ya ɓata. Maganinsu a gidanmu ganyen darbejiya ne. A tafasa shi, a bari ya huce, a watsa mana bayan wanka. Har yau in na bi ta ƙarƙashin darbejiya lokacin da take fure, ɗacin nan nake ji a leɓena, don duk yadda aka ce ki rufe baki sai ya shiga. In an gama, Gwaggo ta jera mu ta bi mu da farar hoda, wuya da ƙirji da baya, mu fito ƙofar gida fari fat kamar an tsamo mu daga buhun gari. Ba mai yi wa wani dariya, don 'ya'yan maƙwabta ma haka suke.

Amma abin da na fi tunawa shi ne lalle.

Yaran yanzu sun san lalle a matsayin ado na biki da Sallah. A wurin Iya magani ne tukuna, ado ya biyo baya. Takan ce zafi ta tafin ƙafa yake shiga, ta nan kuma ake cire shi. Ko likita zai yarda da wannan bayani ko ba zai yarda ba, wanda duk aka taɓa shafa wa kwaɓaɓɓen lalle a tafin ƙafa a daren Afrilu ya san sanyin da ke ratsawa har tsakiyar ka. Busasshen ganyen ake sayowa a Kasuwar Kurmi, a shanya shi ya ƙara bushewa, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi. Ranar dakan, gidan duk ya ɗauki wani ƙamshi kamar na ɗanyar ciyawa da aka yanka, mu kuma mu yi ta atishawa. Da la'asar a kwaɓa shi da ruwa, a matsa lemon tsami, a rufe a ajiye ya tsumu. Ba a gaggawa da lalle. Wadda ta kwaɓa yanzu ta shafa yanzu, ruwan goro-goro za ta samu, ta sha tsiya wurin sauran mata.

Bayan sallar isha'i sai a baje tabarmi a tsakar gida, tunda ɗaki ba ya kwanuwa. Katangar ƙasa ta sha rana yini guda, da dare take amayar da ita. A ajiye fitilar ƙwai a gefe. Kowace ta miƙa ƙafarta a cinyar wata, domin ba mai iya yi wa kanta ƙunshi ya yi kyau. Yayata ke yi wa Gwaggo, Gwaggo ta yi wa Inna, Inna ta yi wa abokiyar zamanta, ko da kuwa da rana sun yi 'yar tsama a kan murhu. Na sha ganin faɗan yini guda ya mutu a kan ƙwaryar lalle, don da wuya ki riƙe ƙafar mutum a cinyarki kina ci gaba da gaba da shi. A dambara lallen a tafin ƙafa, a ja layinsa a gefe da ɗan yatsa ya miƙe sarai, a rufe da faffaɗan ganye, a naɗe da tsumma a ɗaure. Hannu kuma a zura shi cikin zunguru, doguwar ƙwaryar nan da aka yi domin wannan aiki. Na tambayi jikata ko ta san zunguru, ta ce ai gari ne a jihar Neja. Ba ta yi ƙarya ba.

Da an ɗaure ki, kin zama fursuna sai da safe. A lokacin ne ƙaiƙayi zai tashi a tsakiyar bayanki, sauro ya gane ba ki da hannun duka, fitsari kuma ya ce ga shi nan. Iya na gefe da maficinta na kaba, tana kaɗa mana iska tana ba mu tatsuniya, muryarta na yin ƙasa-ƙasa har maficin ya faɗo mata a ƙirji. Da asuba a kwance, a kankare, a wanke, a shafa ɗan mai kaɗan. Nan ne kawai man kaɗanya ke samun izinin fitowa daga ƙarƙashin gado. Sai a jera ƙafafu ana gwadawa. Tafin hannu da na ƙafa sun fi ko'ina kamawa saboda kaurin fatarsu, kuma zafin jiki na taimaka masa, shi ya sa lallen bazara ya fi na hunturu nuna. Wadda ke son nata ya yi baƙi-baƙi sai ta maimaita kwana biyu ko uku a jere. Daga baya aka zo da yayin yanka salatif ana fitar da zane, sannan aka zo da na zamanin nan da ake zanawa da ɗan ƙunshin leda, a gama cikin awa guda. Yana da kyau, ban musa ba. Furannin da yaran nan ke fitarwa ko a atamfa sai an bincika. Baƙin nan dai da ake haɗawa da sinadarin rina gashi nake jin tsoro, don na ga hannun da ya tashi ya yi bororo.

Gashi ma yana da nasa tsarin. A tsefe, a wanke da karkashi mai yauƙi, a yi kitso ƙanana a tattare su sama, shuku, don wuya ya sha iska. Man shanu, wanda ake ji da shi da hunturu, an sallame shi sai kaka. Akwai wata 'yar'uwarmu da ta zo daga ƙauye ta shafa shi ranar wata Juma'a, kafin la'asar ƙudajen Yakasai kaf sun zo gaishe ta. Maza kuwa hutawarsu suke, wanzami ya zo ya yi musu ƙwal, su yi ta sheƙi. Kwalli kullum ne, safe da yamma, daga ɗan tandun Iya na fata. Tana cewa yana sanyaya ido, yana kwashe ƙurar bazara. Sai da na girma, 'yata ta yi karatun jinya, take gaya mini cewa dutsen kwallin nan mai ƙyalli akwai dalma a cikinsa, kada a sa wa jarirai. Na daina sa wa jikoki. Tandun dai yana nan cikin adakata, wani lokaci nakan buɗe in shinshina.

Sutura ba ta da yawa, shi ya sa ba ta ba mu wahala. A cikin gida ɗaurin ƙirji ne da zane ɗaya, atamfar auduga da ta sha wanki har ta yi laushi kamar fatar jariri. A lokacin masaƙun Kaduna da na Kano suna aiki, atamfar gida ba ta gagari talaka a Kantin Kwari ba. Sabuwa ba ta da daɗi da zafi, sai an wanke ta an fitar da ƙanƙamon. Iya kuwa ba ta yarda da atamfa ba sam. Ita dai bunu, baƙin zanen saƙi da aka rina da baba. Marinar Ƙofar Mata ba ta da nisa da mu. In iska ta juyo mukan ji warin baba da toka, mu kuma ji amon masu bugu suna sauke ƙotarsu bi da bi, dum-dum, kamar masu daka. In Iya ta yi gumi sai shunin ya sauka a kafaɗarta da wuyanta. Mu yi ta tsokanarta wai ta zama Buzuwa. Ta ce ai Buzaye da kuɗinsu suke zuwa har Kura neman turkuɗin da zai bar musu wannan shunin a jiki, ita kuwa ga shi ta samu a ɓagas.

Ƙamshi kuma, da yamma ake yin sa, in rana ta yi sanyi. A zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turaren wuta mai kajiji, mace ta tsaya a kai ta lulluɓe da zane. Baba na da 'yar kwalbar Bint El Sudan da yake ɗigawa a farar rigarsa ta boyel ranar Juma'a, mu kuma mu bi bayansa muna shaƙa har zaure. Dilka da humra ba a gidanmu na fara ganinsu ba. Wata maƙwabciyarmu ce 'yar Maiduguri ta shigo da su unguwar. Ita ce in ta wuce ta lungu, bayan ta da minti goma ana sanin ta wuce. Matan gidanmu suka yi ta gulmarta wata guda, a wata na biyu suka aika ni da kwano in roƙo musu.

A 1975, da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, Kawu ya shigo gida da fanka mai tsayawa da ƙafarta. Muka kewaye ta muna magana a gabanta don mu ji muryarmu na rawa. Iya ta zauna ta kalle ta tana waiwaye dama da hagu, ta ce wannan abu ba shi da alƙibla, kowa nasa ne. A shekarun nan ne kuma yadin roba ya cika kasuwa, mai sheƙi, ba ya yamutsewa, ba ya kuma shan gumi. Muka rungume shi hannu biyu. Ni da ke wannan surutu, ƙaramar Sallar 1989, wadda ta faɗo farkon Mayu, leshi mai nauyi na ɗinka har da shafi a ciki, na ɗora hoda da gazar da jambaki, na fita yawon Sallah. Kafin in kai gida na uku, hodar ta yi kwata a kumatuna, gazar ta gangaro. Wata tsohuwa ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu 'yar nan, wa ya rasu?" Don haka ban da bakin yi wa jikata dariya sosai.

Akwai wani dare, ina jin ban fi shekara tara ba, ƙarshen bazara, an yi kwana da kwanaki hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa. An yi mana ƙunshi mun kwanta, ba ko motsin ganye. Can cikin dare sai iska ta taso da ƙura, ta kifar da fitila, ta yi sama da murfin randa. Kafin a ce haka, manyan ɗigo sun fara sauka, tas, tas, a kan tabarma. Gida ya rikice. Mata shida, kowace ƙafa a naɗe, hannu ɗaya cikin zunguru, ga shanya a igiya, ga gero a waje, ga 'yan yara na barci. Gwaggo na tafiya da dugadugai kamar agwagwa, Inna na rarrafe tana jan tabarma da haƙori, yayata ta zame ta zauna daɓas cikin ƙwaryar sauran lallen. Iya ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta ɗaga fuska sama, ruwa na wanke mata shunin wuya, tana cewa a bar ta, wata uku tana jiran wannan baƙon. Baba ne ya fito ya ɗauke ni a kafaɗa, ƙafafuna na reto, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci.

Da safe muka kwance tsummokaran da suka jiƙe sharkaf. Lallen kowa ya yi dabbare-dabbare, ja nan, fari can. Na yayata ne kawai ya kama sosai, shi ma ba a ƙafa ba.