Allon Zamiya Na Mai Ƙaramin Ƙarfi

Duk wanda ya zauna kusa da tsaunukan Alp na Faransa kamar ni, ya san dusar ƙanƙara ba iri ɗaya ba ce. Da safe tana da tauri kamar daɓen siminti, da rana ta yi laushi kamar talge, in kuwa ta kwana tana zuba sai ta zama gari, mutum ya nutse har gwiwa. Masu hali kowane yanayi da allunan zamiyarsu. Ni albashina na saiti ɗaya ne, dole ya yi mini ko'ina a kan dutsen.

Sirrin yana ga faɗin ƙugun allon. Siriri, ƙasa da milimita 80, yana kama ƙanƙara mai tauri amma ya nutse a gari. Mai faɗi, sama da 110, yana yawo bisa gari amma ya wahalar da gwiwa a kan tauri. Na tsaya a 90, mai ɗagaggen goshi, tsayinsa tsakanin haɓata da tsakar kaina.

Abin da ban yi ciniki a kansa ba shi ne maƙalar takalmi. Gwani ya saita ta daidai nauyina da tsayina, don in na faɗi ta sake ni kafin ƙashin ƙafa ya karye.

Allona bai fi kowane allo a ko'ina ba, amma babu inda ya ba ni kunya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.